Kuka, goro, koko da auduga iyali ɗaya ne ko huɗu? Tsarin Cronquist, na APG da na Cheek, wanne zaka bi

In kana karatun ilimin tsirrai, ko kana rubuta furojet, ko an damƙa maka kula da ma'adanar busassun tsirrai, to da wuya ka tsallake wannan ruɗanin. Ka ɗauko tsohon littafi a laburare kaga kuka da rimi suna Bombacaceae, goro da koko suna Sterculiaceae, lalo yana Tiliaceae, sai kuɓewa da auduga da rama da yakuwa su kaɗai a Malvaceae. Ka hau intanet sai kaga duk an kwashe su an zuba cikin Malvaceae. Kafin ka gama mamaki sai wani littafin ya zo maka da iyalai goma, har da sunaye irin su Sparrmanniaceae da baka taɓa ji ba. Ba kuskuren bugu bane, tsari uku ne daban daban kowanne da hujjarsa, kuma dole ka tsaya akan ɗaya kafin ka fara rubutu.

Dan mu fahimci juna, in nace iyali ina nufin babban gidan da sunansa ke ƙarewa da aceae, in nace ɗaki ina nufin ƙaramin iyali dake cikin gidan wanda sunansa ke ƙarewa da oideae, rukuni shine irin su Hibiscus ko Gossypium, nau'i kuma shine tsiron kansa kamar Gossypium hirsutum.

Ma'aunin da zamu auna dasu

Na farko kuma wanda yafi nauyi a wajena shine gaskiyar dangantaka. A wajen masana na yanzu iyali baya cika iyali sai in ya ƙunshi kaka ɗaya da dukkan jikokinta, ba'a bar ko ɗaya a waje ba, ba'a kuma shigo da bare ba. In ka haɗa tsirrai biyu dan kawai sun yi kama alhali kowanne yana da ɗan'uwa mafi kusa a wani wajen, to sunan da ka basu bai faɗi komai akan asalinsu ba.

Na biyu tsada, wato kuɗin littattafai da lokacin da zaka kashe da wahalar canza lebul. Na uku ƙarko, shin tsarin zai kai shekara ashirin nan gaba ko sabon bincike zai rushe shi. Na huɗu sauƙi, in kana tsaye gaban tsiro da gilashin ƙara girma a hannunka zaka iya cewa ga iyalinsa? Na biyar haɗari, wato ta ina tsarin zai iya kai ka ya baro.

Akwai abinda duka ukun suka yarda dashi, cewa waɗannan tsirran jininsu ɗaya. Wannan ba sai an je ɗakin gwaji ba. Murje ganyen lalo ko na kuka ko na kuɓewa da ɗan ruwa zaka ji yauƙi a yatsunka. Juya bayan ganyen ka ɗora gilashi, a yawancinsu zaka ga gashin ba tsinke ɗaya bane, daga gindi ɗaya yake tashi ya bazu kamar tauraro. Ɓare ɓawon reshe zai biyo ka da dogon zare mai ƙarfi maimakon ya karye. Jijiyoyin ganyen daga gindi ɗaya suke rabuwa kamar yatsu, a man 'ya'yan da yawansu kuma akwai wasu sinadarai guda biyu da aka raɗa ma suna daga Sterculia da Malva. Rigimar ba akan 'yan'uwa ne ko ba 'yan'uwa ba take ba, akan inda za'a ja layi ne a tsakaninsu.

Zaɓi na ɗaya: iyalai huɗu, tsarin Cronquist

Ana jingina shi ga Arthur Cronquist na lambun tsirrai na New York saboda babban littafinsa na 1981, amma rabon ya girme shi nesa ba kusa ba. Jussieu ne ya kafa Malvaceae da Tiliaceae tun 1789, Kunth ya kawo Bombacaceae a 1822. Kuma tun a wancan ƙarnin ba'a gama jituwa ba, dan Bentham da Hooker ma cikin Malvaceae suka ajiye dangin kuka da rimi a matsayin reshe, basu ware su ba.

Yadda ake raba su da fure ne. A Malvaceae mazan furen sun haɗe sun zama bututu ɗaya da ya zagaye macen, duba furen kuɓewa ko na auduga zaka gani ƙarara, kowace jakar ƙura ɓari ɗaya ce maimakon biyu, ƙurar furen kuma in ka sa ta a maikuroskof manya ne masu ƙaya. Bombacaceae manyan itatuwa ne, da yawansu ganyen ya rabu kamar tafin hannu, ƙurarsu galibi babu ƙaya. Tiliaceae mazan furen da yawa ne kuma a sake suke. Sterculiaceae kuwa gaskiya duk abinda ya rage ne, wasu da bututu, wasu da mazan da basa bada ƙura, wasu kamar goro da kukuki ko fatun fure basu dasu, kofin furen ne yake yin launi.

Wajen tsada wannan tsarin kusan kyauta yake zuwa ma wanda yake da tsohuwar laburare, dan yawancin littattafan gano tsirrai na ƙarni na 20 akansa aka gina su, kuma tsofaffin kabad na ma'adana da yawa haka aka jera su. Baka canza komai.

Wajen sauƙi rabi da rabi ne. Malvaceae ɗinsa tana da daɗin koyarwa, ɗalibi ya ga furen rama sau ɗaya ya gane sauran. Amma je ka gwada raba Tiliaceae da Sterculiaceae da makullin littafi kaga yadda "sai dai" da "ban da" suke yawa. Tun kafin a fara maganar DNA akwai rukunan da aka yi ta yawo dasu. Hampea misali, a Bombacaceae take har sai da Paul Fryxell ya nuna cewa 'yar'uwar auduga ce ta kusa, tana da irin ɗigon baƙin nan na gosifol da ake gani a jikin ganyen auduga.

Inda tsarin ya faɗi shine ma'aunin farko, kuma faɗuwa ce mai muni. A 1997 masana biyu, Judd da Manchester, suka auna siffofin jiki da sinadarai ba tare da DNA ba suka ga uku daga cikin iyalan huɗu basu tsaya ba. A 1998 da 1999 Alverson da abokan aikinsa, da Clemens Bayer da nasa abokan, suka karanta ƙwayoyin halitta na kulorofilas, wato ɓangaren tantanin tsiro mai ba ganye launin kore, waɗanda ake kira rbcL da atpB da ndhF, amsar ta fito iri ɗaya. Malvaceae ce kaɗai ta kusa tsira. Sterculiaceae ta tarwatse gida gida, goro da koko da aka daɗe ana ajiye su tare har ana kafa hujja da cewa duka suna da sinadaran kafin da tiyoburomin, ashe goro yafi kusa da auduga akan koko. Lalo da dargaza da aka ce 'yan Tiliaceae ne sun fi kusa da koko akan itacen Tilia da aka sa ma iyalin sunansa. Duriyan, itacen marmari na kudu maso gabashin Asiya, ya fice daga Bombacaceae gaba ɗaya ya koma kusa da rukunin Helicteres. Elaeocarpaceae da Cronquist ya jera kusa dasu a Malvales, wato babban layin da ya haɗa waɗannan iyalai, ma ba 'yar layin bace, yanzu tana wani layin daban, Oxalidales.

Dan haka ƙarkonsa ya ƙare a matsayin bayanin asali, abinda ya rage masa shine amfanin nemo shafi a tsohon littafi. Haɗarin kuma ba na suna bane kawai. A ce ka rubuta furojet akan "sinadaran Sterculiaceae" ka kwatanta koko da goro da hankufa kace kamannin da ka gani gadon iyali ne, to tun daga tushe ka gina akan iyalin da babu shi. Haka a harkar cuta da ƙwari, cutar kumburin reshen koko tana zama a jikin rimi da kuka da wasu nau'in Cola da Sterculia, jan ƙwaron nan Dysdercus mai ɓata auduga shima yana kiwo akan kuka da rimi da kukuki, wanda ya ɗauka iyalai ne mabambanta bazai yi saurin kallon wajen ba.

Zaɓi na biyu: iyali ɗaya mai ɗaki tara, tsarin APG

APG ƙungiyar masana ce daga ƙasashe daban daban, sun fitar da tsarinsu a 1998, suka gyara a 2003 da 2009 da 2016. Duk sau huɗun matsayinsu akan wannan iyalin bai motsa ba, Malvaceae ɗaya ce babba, rukuni wajen 244, nau'i sama da 4,200. Rabon ɗaki tara kuma daga aikin Bayer na 1999 ya fito:

Byttnerioideae ɗakin koko da hankufa. Grewioideae ɗakin lalo da dargaza da Triumfetta. Sterculioideae goro da kukuki. Tilioideae rukuni uku kacal, Tilia da Craigia da Mortoniodendron. Dombeyoideae wanda yafi yawa a Madagaska da tsibiran kusa da ita. Brownlowioideae yawanci itatuwan Asiya. Helicteroideae inda duriyan ya sauka. Bombacoideae kuka da rimi da gurjiya. Sai Malvoideae wanda yafi kowa yawa, auduga, kuɓewa, rama, yakuwa, Sida, Abutilon, Malva.

Abinda kulorofilas ya nuna shine tun farko gidan ya rabu biyu, ɗakin koko da na lalo suka yi gefe guda ana kiransu Byttneriina, sauran bakwai suka zama Malvadendrina. A cikin bakwai ɗin nan Bombacoideae da Malvoideae sun fi kowa kusanci, ana kiransu Malvatheca, sunan ma daga wannan jakar ƙura mai ɓari ɗaya ya samo asali. Wato kuka da rimi sune 'yan'uwan auduga da kuɓewa na kusa, duk da ɗaya ƙaton itace ne ɗaya kuma ɗan tsiro da baya wuce shekara. Ni wannan yana burge ni har yanzu, dan in ka tsinki furen gurjiya ka ajiye kusa da na rama ka duba mazan furen, kamannin yana nan a fili, girman jiki ne kawai yake ɗauke ma mutum hankali.

A gaskiyar dangantaka dai babu tantama, iyalin gaba ɗayansa kaka ɗaya ce da jikokinta, kuma duk binciken da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da haka.

Tsada kuma ya danganta da kai waye. In ɗalibi ne ko mai bincike, kusan babu, dan shafin Plants of the World Online na lambun tsirrai na Kew dake Landan da shafin Angiosperm Phylogeny Website na Peter Stevens duk kyauta ne, data kawai zaka saka. In kuma ma'adana ce to a nan ne gumin yake, za'a sauke fayil fayil daga kabad huɗu a sake jerawa a sake lebul a gyara rajista, kuma duk ɗagawar da aka yi ma busasshen tsiro akwai yiwuwar ya karye. Sauƙin da aka samu shine Haston da abokan aikinta sun fitar da jerin iyalai a layi ɗaya a 2007 da 2009 musamman dan masu irin wannan aikin, kaga ba sai ka ƙirƙiro naka ba.

Sauƙi a fili, mutane suna zaton tunda iyalin yayi girma gane shi zai yi wuya, alhali akasin haka ne. Yauƙi, gashi mai tauraro, zaren ɓawo, jijiya kamar yatsu, in uku suka haɗu kace Malvaceae da wuya ka faɗi. Wahalar tana matakin ɗaki ne, nan kam sai da fure ko ɗa a hannu, wasu ma kamar Helicteroideae babu wata alama ɗaya ta ido da ta haɗa 'yan ɗakin duka.

Ƙarko shine babban abinda yasa nake tura mutane nan. Ba wai an gama bincike bane, tsugune bata ƙare ba ko kaɗan. Yadda ɗakunan Malvadendrina suke da juna har yau yana canzawa, in aka karanta kulorofilas a samu bishiyar dangantaka ɗaya, in aka karanta ɗaruruwan ƙwayoyin halitta na cibiyar tantani a samu wata, saboda rassan sun rabu da sauri cikin ɗan lokaci kuma an yi ta barbara tsakaninsu da ninkuwar kuromosom. A 2025 ma an kawo shawarar a ɗaga dangin Matisia da Quararibea na kudancin Amurka su zama ɗaki na goma, Matisioideae. Amma lura, duk wannan motsin a cikin gida yake faruwa, sunan iyalin da ka rubuta a lebul bai taɓu ba.

Haɗarinsa biyu ne. Na ɗaya, kalmar Malvaceae ita kaɗai yanzu bata faɗin abu mai yawa, in ka rubuta "tsiron ɗan Malvaceae ne" mai karatu bai san ko kusa da koko yake ko kusa da auduga ba, dan haka ka riƙa haɗawa da ɗakin, Malvaceae, Sterculioideae. Na biyu, kar ka ɗauka tunda iyali ya zauna to rukunai ma sun zauna. Hibiscus ita ce babbar matsala. Linnaeus a 1753 Hibiscus esculentus ya kira kuɓewa, daga baya aka mayar da ita Abelmoschus, sai kuma aikin Pfeil da abokansa daga 2002 ya nuna cewa Abelmoschus da Urena da Pavonia da wasu rukunan duk a tsakiyar Hibiscus suka tsiro. Ko dai a haɗiye su duka cikin Hibiscus, ko a farfasa Hibiscus ɗin, kuma a 2025 an bi hanyar farfasawa aka kawo shawarar dawo da rukunin Sabdariffa dan reshen da rama da yakuwa suke ciki. Haka Malva da Lavatera, an raba su ne da ko ƙananan ganyayen dake ƙarƙashin kofin fure sun haɗe ko basu haɗe ba, DNA ta nuna wannan alamar bata bin asali. To duba sunan nau'inka a ranar da kake rubutu, ka kuma sa tsohon sunan kusa dashi.

Wani abu da babu tsarin da zai iya ɗauka gaba ɗaya shine ba kullum asali yake tafiya kamar reshen bishiya ba. Auduga ce misali mafi kyau. Gossypium nau'i ne wajen 50, an raba su kashi takwas, A zuwa G da kuma K. Audugar Afirka da Asiya, herbaceum da arboreum, 'yan kashin A ne, kuromosom 26 gare su. Amma hirsutum da barbadense na nahiyar Amurka 52 gare su, dan shekara miliyan 1 zuwa 2 da suka wuce wata mai A ta tsallaka teku ta haɗu da mai D suka haifi sabon layi. Kulorofilas ta wajen uwa ake gadonsa, dan haka in shi kaɗai ka karanta zai nuna maka A ne kawai, rabin labarin ya ɓace. Kuka ma haka, nau'i takwas ne, shida a Madagaska, ɗaya a Afirka, ɗaya a Ostireliya, ta Afirkan kuromosom ɗinta ninki ne akan na sauran, kuma an samu shaidar barbara tsakanin na Madagaskan.

Zaɓi na uku: iyalai goma, tsarin Cheek

Wannan mutane da yawa basu san dashi ba, kuma bai kamata a raina shi ba. Martin Cheek na Kew ya yarda da duk abinda DNA ta nuna, inda ya bambanta shine yace maimakon a haɗa a raba. A littafin Heywood da abokansa na 2007 akan iyalan tsirrai masu fure ya ɗaga kowane ɗaki ya zama iyali, ya kuma ware duriyan daban, suka zama goma: Malvaceae, Bombacaceae, Sterculiaceae, Tiliaceae, Byttneriaceae, Sparrmanniaceae, Pentapetaceae, Brownlowiaceae, Helicteraceae da Durionaceae. Lalo ya koma Sparrmanniaceae, koko Byttneriaceae, goro ya zauna a Sterculiaceae da aka tsuke.

A ma'aunin farko yana kafaɗa da kafaɗa da APG, bishiya ɗaya suke karantawa, matsayi kawai suka bambanta. Kuma yana da wata fa'ida ta gaske, sunan iyali shi kaɗai yana gaya maka abu, Bombacaceae ta dawo da ma'anarta, Malvaceae ta koma mai bututun nan da kowa ya sani.

Amma tsadarsa tafi ta kowa. Manyan rumbunan bayanai na intanet basa binsa, dan haka duk jerin sunaye da ka sauke sai ka zauna ka mayar dasu da hannu, ma'adana kuma aikin sauke kabad ɗin da zata yi daidai yake da na APG ko ma ya fi. Sauƙi a fili shima ya ragu, dan yanzu abinda APG ta bari a matakin ɗaki ya zama dole ka warware shi kafin ka iya faɗin iyali, in babu fure sai ka tsaya.

Ƙarkonsa matsakaici ne, dalilin kuwa shine iyakokin da basu zauna ba. Tsakanin Bombacoideae da Malvoideae akwai rukunan da suka daɗe suna rawa, Ochroma wato itacen balsa, Fremontodendron na Kalifoniya wanda da can ma a Sterculiaceae yake, da su Matisia. A APG in ɗayansu ya motsa ɗaki ya canza, a tsarin Cheek iyali ne zai canza, lebul ya tashi.

Haɗarin da yafi damuna dashi shine suna ɗaya ma'ana biyu. Tiliaceae ta Cronquist rukuni wajen 50 ce, ta Cheek uku ce. In ka rubuta Sterculiaceae baka yi bayani ba, mai karatu zai ɗauka tsohuwar kake nufi har da koko a ciki, wani ma yace baka san an canza ba alhali kai sabon tsari kake bi.

| Ma'auni | Cronquist, iyali 4 | APG, iyali 1 | Cheek, iyali 10 |
|---|---|---|---|
| Gaskiyar dangantaka | uku cikin huɗu sun rushe | ta tabbata | ta tabbata, wasu iyakoki na rawa |
| Tsada ga ɗalibi | kaɗan in akwai tsofaffin littattafai | kaɗan, bayanai kyauta a intanet | lokaci mai yawa |
| Tsada ga ma'adana | babu in haka take jere | babba, amma sau ɗaya | babba, kuma zata iya maimaituwa |
| Ƙarko | ya ƙare | tun 1998 bai motsa ba | matsakaici |
| Sauƙi a fili | Malvaceae da sauƙi, sauran da wuya | iyali da sauƙi, ɗaki sai da fure | sai da fure tun farko |
| Babban haɗari | gina bincike akan dangin ƙarya | suna mai faɗi da yawa | a ɗauka tsohon tsari ne |

To wa zai ɗauki wanne

In furojet kake rubutawa ko takardar da zaka tura mujalla, musamman in akwai kalmar dangantaka ko asali ko kwatanta sinadarai a ciki, APG zaka bi babu wani dogon tunani, ka rubuta iyali da ɗaki tare, ka faɗi a babin hanyar bincike cewa APG IV ta 2016 ka bi. In sufabaizanka ya saba da tsohon tsari, kar ka mayar da abin gardama, rubuta sabon ka ƙara da cewa a da ana sa shi a Bombacaceae, hakan ya wadatar da kowa.

In jarabawa ce a gabanka kuma manhajar da lakcara ya bayar akan iyalai huɗu take, to amsa yadda aka koyar, amma ka san a ranka cewa sunayen kabad ne ba na jini ba. Malamin da yake da ikon gyara manhaja kuwa ina roƙonsa ya koyar da babbar Malvaceae, ya ɗauki ɗakuna biyar da ɗalibai suka fi cin karo dasu, na auduga, na kuka, na goro, na koko da na lalo, ya kawo furen kowanne aji, sauran huɗun a ambace su a wuce.

Mai aikin noma ko kare amfanin gona daga ƙwari da cuta, babban iyali shine taswirarsa ta inda cuta zata iya ɓuya. Mai neman dangin da zai yi barbara dasu kuma iyali yayi masa faɗi da yawa, ko ɗaki ma yayi faɗi, rukuni da adadin kuromosom zai duba.

Ƙaramar ma'adana mai ma'aikaci ɗaya ko biyu ba sai ta sauke kabad yau ba. A gyara rajistar kwamfuta tukuna, a buɗe gurbi biyu, ɗaya na iyalin APG da ɗakinsa, ɗaya na inda fayil ɗin yake a zahiri, a manna takarda a ƙofar kowane kabad cikin huɗun nan mai nuna ina 'yan cikinsa suka koma. Ranar da za'a yi ƙaura ko a sayi sabbin kabad sai a jera sau ɗaya. Sabuwar ma'adana kam ta fara da APG kawai.

Wanda yake aiki da tsofaffin littattafan gano tsirrai dole ya haddace iyalai huɗun, dan ba zai samu lalo a ƙarƙashin Malvaceae a can ba, sai ya buɗe Tiliaceae, in ya gano sunan sai ya juya shi zuwa sabon tsari kafin ya rubuta.

Tsarin Cheek kuma na bar ma ƙwararren da yake aiki akan ɗaki ɗaya, kamar mai nazarin Cola ko Dombeya, wanda masu karanta shi sun san maganar, kuma zai faɗa a layin farko cewa da ma'anar Cheek ta 2007 yake amfani da sunan.